Kwana Taran Da Emmett Ya Yi Shiru

Ranar da Rhoda Delwiche ta fara ganinsa, yana tsaye a ƙofar garkensu da kwalabe biyu a hannu, ƙafarsa ɗaya ta nutse cikin kashin shanu har idon sawu.

"Sannu da aiki," ya ce, yana ƙoƙarin zare ƙafar a ɓoye. "Sunana Emmett Sladek. Daga tasha nake, na zo ɗibar madara."

"Da wannan takalmin?" Dariya ta ƙwace mata. "Tsohon da ke zuwa kafin kai ya fi ka wayo."

"Ya yi ritaya, kuma bai bar mini takalminsa ba."

Tashar nukiliyar da ke bakin tafki, mil uku daga gonarsu, ta shekara huɗu a rufe. Yanzu ana shirin kwance ta, Emmett kuwa yana cikin masu binciken da ke tsara yadda za a yi aikin ba tare da ƙasa ko ruwa sun gurɓata ba. Duk bayan mako biyu, ranar Talata, yakan zo ya ɗebi madara a kai ɗakin gwaji. Aikin minti biyar ne, amma kafin ƙanƙarar hunturu ta narke ya koma na awa guda.

Sai saƙonni suka fara.

"'Yar madara, sakamakonku ya fito fes. Abu ɗaya na'ura ta kasa aunawa, yadda nake ɗokin Talata."

"Mai Kwalba, rage zaƙin baki. Juma'a akwai soyayyen kifi a gidan abincin Marge. In ka zo da wuri, wataƙila in zauna kusa da kai."

Mahaifiyarta Lorna kuwa ko kujera ba ta taɓa ba shi ba. Shekara shida ke nan da ciwon dajin jini ya ɗauke mijinta Gene, kuma ba wanda ya isa ya raba ta da zargin tashar.

"Mama, shi fa kwance ta ya zo yi, ba gina ta ba."

"Albashinsa dai daga can yake fitowa. Na ba wurin nan miji, ba zan ƙara masa da 'ya ba. Me Duane ya rasa?"

Duane Baudhuin ɗan maƙwabtansu ne, tun suna sakandare yake bibiyarta. Shi ne ya tsayar da motarsa a bakin garke wata Juma'a cikin watan Mayu, ko gaisuwar kirki babu.

"Ɗan kawuna ke tuƙa wa mutanen tasha motar haƙa. Sun sami burbushin nukiliya a ruwan wata rijiyar gwaji, ta ɓangarenku. Yau kwana tara. Saurayin naki ne ma ya gano. Au, bai faɗa miki ba?"

Jikin Rhoda ya yi sanyi. A kwanakin nan kullum sai Emmett ya zo da safe, ya ce kewarta yake, sannan ya gangara rafi wai zai miƙe ƙafa. Ta ɗauki waya ta rubuta masa:

"Kwana tara kana kallon idona kana murmushi, shanuna suna shan ruwan rafin nan. Kada ka ƙara zuwa."

Amsa ba ta jima ba.

"Gaskiyarki, na ɓoye miki. Gobe da ƙarfe biyu akwai taro a zauren gari. Ki zo da Mama. Bayan nan duk hukuncin da kika yanke na karɓa."

Zauren ya cika maƙil. Shugaban aikin ya yi ta zagaye-zagaye a magana har mutane suka fara gunaguni, sai Emmett ya miƙe. Ya ce wani tsohon bututu ne da babu shi a zanen ginin ya tsage a ƙarƙashin ƙasa. Abin kaɗan ne, bai ƙetare shingen tasha ba, amma ya nace a dakatar da haƙa har sai an gano duk inda bututun ya bi.

"Gwajin farko yakan yi kuskure, jiya na biyu ya fito. Da magana ta riga shi fita, da kamfanin cuku ya daina ɗaukar madarar gonaki shida kafin a san gaskiya. Kullum ina auna rafi da rijiyoyinku. Da na ga ko ɗigo, da ban jira kowa ba."

Lorna ta tashi, ta dafa bayan kujera.

"Yaro, tambaya ɗaya nake yi a ɗakin nan shekara shida. Tashar nan ce ta kashe mini miji?"

"Misis Delwiche, ban sani ba," ya ce a hankali. "Kuma duk wanda ya ce miki ya sani, ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa. Amma na tono sakamakon madarar gonarku na shekara talatin da ɗaya, na bi shi layi-layi, ban ga komai ba. Yana cikin motata. Naki ne, tun tuni ya kamata a ba ki."

Lorna ta zauna, ta rufe fuska da tafukanta.

A wajen ajiye motoci Rhoda ta tare shi.

"Na ji dalilinka na ɓoye wa sauran mutane. Ni fa? Tsoro kake in kwarmata?"

"Tsoro nake ki kwana tara ba barci. Kuskure na yi, 'yar madara."

"To ka ji da kyau. Nan gaba in abu ya hana ka barci, mu biyu zai hana."

Lahadi uku a jere Emmett ya zauna da Lorna a teburin kicin yana fassara mata lambobi. Wasu shafukan da sa hannun Gene a ƙasa, sai ta tsaya ta shafa. A ta ukun ta rufe takardun, ta yanko masa kek ɗin 'ya'yan itacen ceri ƙato.

"Ban ce na yafe wa tashar ba," ta ce. "Amma kai daban ne. Yaushe za ka kawo iyayenka?"

Rhoda da ke wanke-wanke ta saki cokali, ta rungume uwarta ta baya da kumfa a hannu.

Cikin Satumba aka ɗaura aure a ƙaramin cocin garin. Rabin masu aikin tasha suka zo, manoma suka zo, har Duane, wanda ya wuni yana juya tukunyar miyar kaza yana cewa hayaƙi ne ya sa idonsa ja.

Da aka zauna cin abinci, Lorna ta haɗa hannayen ango da amarya cikin nata.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu faɗin gaskiya ko da ɗaci. Emmett, ga amanar Gene nan."

"Na karɓa, Mama," ya ce.

Makaɗa suka saki kiɗan polka. Emmett ya miƙa wa surukarsa hannu. Ta ce ita ta manta yadda ake yi, rabonta da rawa tun rasuwar mijinta. Bai janye hannun ba. Can sai ta miƙe.

Rhoda ta tsaya cikin farar rigarta tana kallon uwarta na juyi tana ƙyalƙyala dariya. A ranta ta ce, Allah na gode maka. Sannan ta tattare bakin rigar, ta shiga fili.