Sifana Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyu da kwata na rana aka kira Sufeto Cazaubon zuwa rumfar gwajin jiragen sama da ke bayan garin Toulouse. A ƙarƙashin wani fiffike da aka ɗaure a injin gwaji, wata mata na kwance, an rotse mata ƙeya.

Sunanta Wiebke Harms, injiniya daga Hamburg. Kamfaninsu da na nan sun haɗa hannu suna ƙera sabon jirgi, bisa sharaɗin duk abin da gwaji ya nuna wa ɗaya, ɗayan ma zai gani. Ranar Juma'a jirgin zai fara tashi da mutum huɗu a ciki.

Ana yawan cewa injiniya ba ya ƙarya saboda lissafi ba ya ƙarya. Lissafin ne kaɗai ba ya yi.

Shugaban gwaji, Darrieu, ya iso yana gyara kwat.

"Me ya kawo ta?" in ji Cazaubon.

"Duba takardu. Ka san Jamusawa, ko gishiri sai sun auna."

"Ina kake da tsakar rana?"

"Inda kowane Bafaranshe yake, Sufeto. Gaban faranti. Ban leƙo rumfar nan ba tun safe."

A aljihun matar Sufeto ya tsinci ɗan littafi. An yage shafin ƙarshe, amma biron ya bar sawu a na ƙasa. Kalma ɗaya ta fito: tsaga.

Ya nufi wajen tsohon makaniki, Lacombe, wanda ke tsaye gaban kabad ɗin kayan aiki yana sosa kai.

"Wani abu ya ɓata?"

"Da ma ɓata ya yi, yallaɓai. Sifanar nan mai lamba goma sha bakwai a kan teburi na bar ta na tafi cin abinci. Na dawo na same ta a gurbinta, an wanke ta har da sabulu."

Cazaubon ya dubi sifanar, ya tuna ƙeyar matar. "Don me mai kisa zai mayar da ita? Ga kogi kusa."

Lacombe ya yi dariya mara daɗi. "Ɗan sanda ke nan. A nan ko ƙusa ɗaya ta ɓace, jirgi ba ya motsi sai an gan ta, don ƙila tana cikin inji. Wanda ya mayar da ita ɗan gida ne, kuma ba ya son a fasa tashin Juma'a."

"Da me ake buɗe kabad ɗin?"

"Katin shaida. Na'ura tana rubuta sunan kowa."

Aka buga bayanan na'urar a takarda: ƙarfe ɗaya da minti shida. Darrieu.

Da aka ajiye wa Darrieu takardar a ofis, ya daɗe yana kallonta.

"Fiffiken ya tsage tun watan jiya," ya ce a hankali. "Na aika wa Hamburg sakamakon da ba shi ba. Tsagar ƙarama ce, da na gyara bayan tashin farko. Shekara tara muna wannan aiki. Ta ce yau za ta gaya wa Hamburg."

"Mutum huɗun fa?"

Darrieu ya miƙa hannuwa aka sa ankwa.

A hanyar fita, Cazaubon ya zare sifanar daga kabad ɗin ya jefa ta a ledar shaida. Darrieu ya tsaya cak, ido a kan gurbin da ya rage wayam.

"Yaushe za ku dawo da ita?"

"Bayan shari'a," in ji Sufeto. "Mu je."