Gwamnan Ɗakin Jiran Shari'a

Mata masu tsintar auduga ne suka ga gawar da hantsi, a wata gona gabas da Ƙarfi. Kafin Insifeto Aƙilu ya iso daga Malumfashi, jama'a sun tattake wurin.

Mamacin ƙato ne, ya kusa shekara hamsin. An sare shi a ƙeya, sannan aka yi ta dukan fuskarsa har da kyar ake gane shi. Babur ɗinsa na jingine a gindin ɗorawa, wayarsa na cikin aljihu.

"Wannan ba aikin ɓarayi ba ne," Insifeto ya ce wa Sajan Oluwole. "Wanda ya yi wannan, fuskar ya tsana."

Mai unguwa ya ce sunan mamacin Bature, dillalin hatsi, bara ya dawo garin.

A gidan mamacin, matarsa Kulu ta zauna a bakin ƙofa, ta ja mayafi har goshi.

"Baiwar Allah, Allah ya jiƙansa. Daga ina ya dawo bara?"

"Daga Legas, yallaɓai. Ci-rani ya je."

"Mai unguwa ya ce a gidan yari ya yi shekarun."

Ta sunkuyar da kai. "Maigidan ne ya hana a faɗa."

"Akwai baƙon da ya zo masa kwanan nan?"

Kulu ta ce makon jiya wata 'yar boko ta zo daga Funtuwa a bayan ɗan acaɓa, ta ce Najiba sunanta, tana hira da waɗanda suka taɓa zaman gidan yari. Bature ya fito ya kore ta.

"Amma da ya ga ɗan acaɓan, sai ya fashe da dariya. Ya ce, 'Amarya, ashe kina nan?' Namiji fa, yallaɓai! Mutumin ya ja babur ya gudu, ya bar matar tsaye."

Washegari Insifeto ya sami Malama Najiba a ofishin wata ƙungiya a Funtuwa. Ta ce bincike take yi kan halin da fursunoni ke ciki, musamman abin da ake yi wa sababbin shiga idan an kulle ƙofa.

"Wane abu?"

"Fyaɗe, Insifeto. Ka san sunansa, ni ma na sani. Ɗakin mutum goma ana zuba masa hamsin. Gandiroba ba ya shiga, sai ya naɗa wani tsohon fursuna ya riƙe masa ɗakin. Shi ke raba wurin kwana, shi ke raba abinci. Yaron da ba shi da kowa, nasa ne."

"Bature na cikin masu riƙe ɗakin?"

"Ban sani ba. Bai yarda ya yi magana da ni ba."

"Ɗan acaɓan da ya kai ki fa?"

"A tasha na tare shi. Ban san shi ba."

Ta faɗa da sauri, idonta a kan tebur, ta hau gyara takardun gabanta.

"Malama, kisa aka yi."

"Na ji. Amma duk wanda ya buɗe mini cikinsa, na rantse masa ba zan fitar da sunansa ba. In na saɓa yau, babu wanda zai ƙara buɗe baki, abin kuma ya ci gaba."

Bai matsa mata ba. Ya riga ya gane ɗan acaɓan ba baƙo ba ne a wurinta.

Daga nan ya wuce gidan yarin da Bature ya zauna. Jami'in da ya karɓe shi ya ba shi kujera da ruwan sanyi.

"Irin wannan ƙazanta ba a yin ta a nan," in ji shi. "Ƙagen 'yan ƙungiyoyi ne. Bature kuwa mutum ne mai ladabi, shi ya riƙe mana ɗakin masu jiran shari'a. Gwamna suke ce masa. A zamaninsa ko tari ba ka ji."

"Babu wanda ya taɓa kawo ƙara?"

"Ko ɗaya."

"In mutum yana da ƙara, wa yake kai wa?"

"Gwamnan ɗaki."

A tashar 'yan acaɓa ta Malumfashi, Insifeto ya tambayi wanda ya kai Malama Najiba Ƙarfi, da farko kowa ya ce bai san komai ba. Sai da ya ja ciyaman ɗin tashar gefe.

"Sadiq ne," ciyaman ya ce. "Shi ke ɗaukar Malamar in ta zo. Yaron kirki, ba ya surutu. An taɓa kulle shi bisa zargin satar taki, daga baya kotu ta wanke shi. Ranar kasuwa wani ƙato ya zo nan, ya tsaya gaban kowa yana kiransa da sunan mata, yana tambayar ko mun san ko shi waye. Yara suka yi ta dariya, sun ɗauka wasa ne. Tun ranar Sadiq bai sake fitowa ba."

A gonar mahaifiyarsa suka same shi da la'asar, yana yankan dawa. Siririn saurayi ne, bai kai talatin ba. Da ya ga kaki, bai gudu ba.

"Sadiq, ina kake jiya da safe?"

"Nan nake, yallaɓai."

"Ka san Bature na Ƙarfi?"

"Ban san shi ba."

"Gwamna fa?"

Laujen ya suɓuce daga hannunsa. Ya durƙushe tsakanin karan dawa. Sajan Oluwole ya matso, Insifeto ya ɗaga masa hannu ya tsaya.

"Ban san sunansa Bature ba sai ranar da na kai Malama," Sadiq ya ce. "Ita ma ba ta san shi ne wanda na ba ta labari ba. Kada ku taɓa ta. Ita kaɗai ta taɓa tambayata, ta saurara, ba ta kawar da kai ba."

"Me ya faru a gonar audugar?"

"Roƙonsa na je yi. Na ce an sa mini ranar aure bayan kaka, ya rufa mini asiri, ya bar zuwa tasha. Na ce na yafe abin da ya wuce. Sai ya yi dariya, ya dafa mini wuya kamar yadda yake yi a can, ya ce zai zo ɗaurin auren ya gaya wa surukaina wace ce amaryar gaskiya. Ya juya zai hau babur. Akwai fartanya a wurin."

Ya share fuska da bakin rigarsa.

"Na yi ƙara a can, yallaɓai. Na tare gandiroba na gaya masa. Ya mai da ni ɗakin, ya ce wa Gwamna ya ja mini kunne."

Insifeto Aƙilu ya daɗe a aikin nan, ya tura mutane da yawa jiran shari'a, bai taɓa tambayar inda suke kwana ba. Ya kasa haɗa ido da saurayin.

"Ina fartanyar?"

"Tana cikin rijiyar gonar."

Sajan ya sa masa ankwa a hankali. Mahaifiyar Sadiq ta fito daga bukka da ƙwaryar fura a hannu, ta tsaya tana kallo, ba ta gane abin da ke faruwa ba. Sadiq ya roƙi kada a gaya mata dalili.

Da suka isa mota, ya tsaya.

"Yallaɓai, can za a mai da ni?"

"Kotu ce za ta faɗa."

"Can ne. Ɗakin nan ne. Yanzu wa ke riƙe da shi?"

Insifeto bai sani ba. Ya ce zai yi magana da alƙali, zai kuma kira Malama Najiba ta nemo lauya. Sadiq ya gyaɗa kai kamar wanda aka taɓa yi wa irin wannan alkawari.

Ya shiga motar da kansa, ya matsa can lungu, ya manna bayansa da jikin ƙarfe.