Ɗacin Ruwan Mai Magani

"Ke kika kayar min da ɗa."

Umma ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi. A barandar asibiti muke tsaye, ni da ita da 'yar ƙanwarta, wadda kowa ke kira Rediyo saboda magana ba ta kwana a cikinta. A cikin ɗaki kuwa ana ɗaure wa ɗanta, Mai Fentina, hannu, mutumin da saura ƙiris mu yi aure.

A gabana kuwa ya faɗo.

Ni ɗinkin labule nake yi. A wani sabon gida muka haɗu, yana fentin falo ina awon tagogi, ya ɗiga min fenti a mayafi. Na wanke shi tas, shi kuwa ya tsaya yana murmushi kamar yabonsa nake. Daga faɗa sai gaisuwa, daga gaisuwa sai abin da ya fi ƙarfina.

Ana cikin shirin aure, rana ɗaya ya ce mu daina ganin juna na ɗan lokaci, sai dai waya. Na tambayi dalili, ya ce in yarda da shi kawai.

"Don ke nake yi, Zuciyata..."

Na ce to, amma a baki. Wane irin abu ne ake yi don ni, kuma ni ce ba za a gani ba?

Sai ga Rediyo a shagona, wai ta zo duba yadi. Tana shafa leshi tana cewa ita dai ba ta ce komai ba, amma Yaya, wato Mai Fentina, yana yawan shiga wani gida mai koren ƙofa, in ya fito sai ƙamshin turare, fuskar nan sai sheƙi. Na san tun ba yau ba take sonsa. Na sani sarai! Amma kishi ba ya tambayar wa ya kawo labari.

Da ma ya faɗa min ya samu aiki a wani bene can ƙarshen gari, a can yake kwana sai an gama. Na rufe shago na tafi, ina ta jera maganganun da zan yaɓa masa. Na same shi a kan tsani yana fentin saman taga. Na kira shi, ya waiwayo, ya ganni, ya yi murmushi.

Sai murmushin ya tsaya cak.

Idonsa ya kafe, burushi ya suɓuce, shi ma ya biyo bayansa. Jikinsa ya hau karkarwa, abokan aikinsa suka ja baya, wani har yana cewa kada in taɓa yawun. Ni dai na tallafe kansa a cinyata ina kuka har ya lafa.

A barandar nan Rediyo ta zazzage min sauran, tana yi tana kallon Umma. Farfaɗiya ce, tun yana yaro, kuma ƙwayar asibiti yake sha. Ya ɓoye min don yana tsoron in guje shi. Gidan mai koren ƙofa na wani mai magani ne da ya ce iska ce, zai raba shi da ita har abada, bisa sharaɗi biyu: ya bar ƙwaya, kuma kada ya haɗa ido da matar da zai aura sai an gama aiki. Ya ba shi ruwa a galan, kofi ɗaya safe, ɗaya yamma. Tun da ya fara sha ko gezau, sai yau da na kai masa fuskata.

Kafin in haɗiye wannan, yayana ya bugo, labari har ya kai gida. Ya ce in dawo yanzun nan, batun aure kuma a ajiye shi tukuna.

Ban koma ba. Na zauna a benci zuciyata tana raba min hankali biyu. Wannan wane irin mai magani ne da ya shirya wanda zai ɗora wa laifi tun kafin a faɗi? In an warke shi ne, in an faɗi ni ce. Amma kuma watanni ba ƙwaya, ba faɗuwa... ko dai da gaske ne? Har na fara jin tsoron fuskata.

Can wata nas ta leƙo tana tambayar sunan maganin da yake sha a da. Rediyo ta ce an daɗe da zubarwa. Umma ta zuge jakarta a hankali, ta miƙa wa nas katin ƙwaya, ta kare da mayafi.

Amma na gani. Sabon kati ne fil, kuma an ɓalle rabi.

Me ƙwayar da aka bari tuntuni take yi a jakar Umma, kuma wa yake ɓallarta?

Da Umma ta tafi salla na faki idon Rediyo na shige ɗakin. Yana kwance, hannu a ɗaure, leɓe a fashe. Yana jin motsina ya juya fuskarsa bango.

"Masoyi, ba zan ce ka kalle ni ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ruwan nan, wa yake zuba maka?"

Ya ce Umma, kullum da hannunta, ba ta yarda ko galan ɗin ya taɓa. Da zai tafi aikin benen har kuka ta yi kada ya je, shi kuwa ya ga ai ya warke, ya ɗebi ruwan a gora ya tafi. Sai dai wani abu ya ɗaure masa kai, ruwan na gida ɗaci gare shi har maƙogwaro, na gorar kuwa salam.

Gorar tana cikin kayansa a ƙasan gado. Na buɗe, na yi bismilla, na kurɓa. Ruwa ne mai ɗan ƙamshin hayaƙi, babu ɗaci ko na misali.

A bakin famfo na samu Umma, a bayan ɗakin marasa lafiya, tana ɗauraye kofi. Na durƙusa na ce ta yi haƙuri, na ga katin, na kuma ɗanɗana ruwan.

Ta daɗe tana juya kofin a ƙarƙashin famfo, alhali ya fita tas.

"Da bayan cokali nake murƙushe ta," in ji ta, ba ta kalle ni ba.

Daga nan magana ta ɓalle mata. Ta ce ita duka biyun take tsoro. In ta bar mai magani, wa ya sani ko iskar ce da gaske? In ta bar ƙwaya, ita ta san sau nawa ta goge masa jini a baki. Kuma kada in ce mutumin nan bai yi komai ba. Kafin su fara zuwa ɗanta ba ya barci, yana kiran kansa rabin mutum. Mai maganin yakan zaunar da shi ya saurare shi, ya yi masa addu'a, ya dawo gida yana raha. Ta kasa ƙwace masa wannan, sai ta haɗa biyun a kofi ɗaya ta yi shiru.

"To ni fa, Umma? Ni me na yi?"

Ta share ido da gefen mayafi, ta ce da ta gan shi kwance sai ta rasa inda za ta ajiye laifin, ni kuwa ga ni a tsaye.

Na so in yi fushi, wallahi na so. Amma abin da ya fi damuna shi ne in aka sallame shi zai koma wa gorar nan, ya sake hawa tsani. Na ce ko ta faɗa masa, ko ni in faɗa.

Ita ta faɗa, a gabana, a gaban Rediyo, wadda ranar tashar ta ɗauke ɗif.

Ya saurara har ƙarshe, hawaye yana gangara masa cikin kunne.

"Ashe ban warke ba..."

Sannan ya juyo ya kalle ni sosai, ya ce in tafi, ya yafe min alkawari, ba zai ɗaura min jinya ba.

"Sannu mai kyauta," na ce. "Na riga na ga abin da kake ɓoyewa, a cinyata ya lafa, kuma ga ni nan. Ciwonka zan iya zama da shi. Ɓoye-ɓoye ne ba zan iya ba."

Na karɓi ƙwaya a hannun nas, na zuba masa ruwan famfo. Ya dube ta a tafin hannunsa, ya dubi Umma, ya haɗiye.

Likita ya hana shi hawan tsani. Gidan mai koren ƙofa kuwa shi da kansa ya je ya ce addu'a yana so, sharuɗɗan ne ya ajiye. Mutumin ya ɓata rai, ya ce ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Umma takan leƙa har yanzu, ban hana ta ba, ban kuma raka ta ba.

Yayana ne ya ba mu wuya. Umma ta yi ta sintiri gidanmu, ta faɗi abin da ta yi da bakinta, tun yana haɗe rai har ya sauko.

Washegarin da na tare ta zo da sassafe, ta ja ni kicin, ta zuge jakarta. Ta damƙa min katin ƙwaya, ta rufe hannuna da nata duka biyu.

"Safe da yamma, 'yata," ta ce. "Amma ke a hannu za ki ba shi, yana gani."