Awon da Ya Kewaye Gonar Malam Yahya

A bakin wata rijiya a ƙauyensu, kusa da Bagwai, Naziru ya fara ganin Aina'u tana fama da tef ɗin awo ita kaɗai, iska na fizge mata shi. Ya ajiye fartanya ya kama mata ɗaya bakin. Tun ranar, kullum sai ya samo dalilin bin ta wajen.

Ɗalibar lissafi ce a shekarar ƙarshe. Aikinta shi ne ta auna tazarar da ke tsakanin rijiyoyin gonaki, ta ninka kowace da kanta, ta jera su a jadawalin lambobi da ake kira matrix.

"Ka ga," ta ce masa, "in an yi awon a miƙe, lambobin da ake fitarwa daga jadawalin, waɗanda ake kira eigenvalue, sai su faɗi ƙasa da sifiri, ko su tsaya a kansa. Ɗaya tak ke hawa sama."

"Ɗaya tak? Kamar ni a zuciyarki ke nan."

"Kai dai ja tef, sarkin surutu."

Mahaifinta Malam Yahya kuwa Kamaruddeen yake wa sha'awarta, mai shagon taki a Ɗambatta. Ranar da ya tarar da su suna dariya, ransa ya ɓaci.

"Karatu na tura ta, ba hira ba. Kada ƙafarka ta sake taka gonata. Ke kuma in aikin nan ya lalace, zancen yaron nan ya mutu."

Ta koma makaranta jiki a sanyaye. Naziru ya ƙarasa mata sauran awon ya tura. Da ta lissafa, lamba biyu suka hau sama. Malaminta ya ce ko ta gyara, ko ta maimaita shekara. Ta rubuta wa Naziru:

"Naziru, akwai awon da ba daidai ba cikin waɗanda ka turo. Na yarda da kai fiye da kowa. Me ka yi mana?"

Amsar ta zo: "Zo gida, sanyin idona. A gaban Baba zan faɗa."

Da ta dawo gida, a zaure Naziru ya durƙusa gaban Malam Yahya.

"Baba, tsakanin rijiyar kuka da ta masallaci gonarka ce. Ka ce kada in taka, sai na bi iyaka na kewaye. Na ɗauka 'yan takun nan ba za su nuna ba. Laifina ne."

Aina'u ta sunkuyar da kai. Malam Yahya ya dubi Naziru.

"Geron nan ya fi ka tsawo. Da ka ratsa, wa zai gan ka?"

"Ai ka riga ka faɗa, Baba."

Tsohon ya miƙe ya zura takalmi. "Ɗauko tef ɗin. Ni zan riƙe wannan bakin. Ka bi ta tsakiya, kada ka karya mini gero."

Da suka gama awon, Aina'u ta buɗe kwamfuta a gindin kukar ta sake lissafi. Sai ga hawaye.

"Ɗaya ce, Baba."

Bayan girbi aka ɗaura auren Naziru da Aina'u. Da Malam Yahya ya gama sa musu albarka, ya riƙo hannun Naziru.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Gonar nan kuma, daga yau ka daina kewaye ta."