Numfashin 'Yar Baba

Ƙarar ce ta sa butar shayi ta suɓuce daga hannun Tabawa.

Wata irin ƙara ce mai ruri, kamar an saki bijimi a cikin lungu. Ta cika unguwar Dilimi, ta kaɗa kwanon rufin gidansu, sannan ta tsaya daidai ƙofarsu. Tabawa ta figi mayafi ta fita, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Motar mahaifinta ce. Tsohuwar a-kori-kura shuɗiya, wadda duk unguwa ke kira 'Yar Baba. Uzairu na zaune a gaban sitiyari yana murmushi, kamar wanda ya kawo albishir.

"Kashe ta!"

"Na'am?"

"Na ce ka kashe ta, Uzairu!"

Ya murɗa makulli. Shiru ya sauka, sai ɗigar ruwan saman da aka ɗauke ɗazu.

"Me ka yi mata?"

"Haba Ogata... gyara na yi mata. Zo ki gani."

Ogata yake ce mata tun tana miƙa wa babanta sifana a gareji. Malam Datti bakanike ne, bai haifi namiji ba, sai ya raini tilon 'yarsa a tsakanin baƙin mai da tsumma. Wata takwas ke nan da rasuwarsa. Abin da ya rage mata na muryarsa shi ne ƙarar motar nan: kowace safiya, idan Uzairu ya zo ya tayar da ita zai tafi kasuwar Farin Gada lodin kabeji da dankali, takan yi wani gunaguni mai taushi, kamar mutum yana karatu ƙasa-ƙasa. Tabawa takan lumshe ido a kan tabarmar salla, ta ji kamar Baba na tsakar gida.

Yau babu wannan muryar.

Uzairu ya durƙusa ya nuna mata sabuwar salansa, mai sheƙi, bakinta kamar na tulu. Ya ɗaga murfin inji ya nuna mata matatar iska ja, buɗaɗɗiya, a inda tsohuwar take.

"Yanzu tana shan iska yadda take so, tana fitarwa yadda take so. Gobe idan na shiga garin Lafiya, Baffa zai san mota ta zo!"

Gobe ce Juma'ar da Baffa Ishaku ya sa. Ƙanin Malam Datti ne, shi ne waliyyinta, tsohon direban babbar mota da ya yi zamansa a Lafiya. Bai taɓa son zancen Uzairu ba. Cewa ya yi yaron rawar kai gare shi. Da Inna ta matsa masa da roƙo, sai ya yanke magana ɗaya: Uzairu ya kawo masa motar ɗan'uwansa kafin a tayar da sallar Juma'a, ya ga yadda ya riƙe ta.

"Wanda bai iya riƙon mota ba," in ji Baffa, "ba zan damƙa masa 'yar mutum ba."

"Wa ya ba ka waɗannan?" Tabawa ta tambaya.

Uzairu ya sosa ƙeya.

"Kallamu ne. Kyauta ma ya ba ni. Ya ce kunya ce in je gaban surukai da mota mai tari."

Kallamu! Dillalin nan na Farin Gada da ya aiko neman aurenta sau biyu, sau biyu tana cewa a'a.

"An yi mata saiti?"

"Ya ce ba ta buƙata. Ɗaurawa kawai ake yi."

Ta shiga gida ta ɗauko akwatin ƙarfen Baba, ta naɗe hannu da tsumma, ta kwance fulogi ɗaya. Ta ɗaga shi sama. Bakinsa fari fat kamar alli.

"Ka gani? Na lafiyayyen inji launin shayi da madara yake yi. Yunwa take ji, Uzairu. Baba ya sha faɗa mana, inji numfashi yake yi kamar mutum. In ka buɗe masa hanci, ka buɗe masa baya, to ka ƙara masa abinci."

"Na je da ita Bukuru na dawo, ko tari ba ta yi ba!"

Ta miƙa masa fulogin.

"Ni dai na san abin da fulogi ya ce."

Ya daɗe yana kallonta. Murmushin ya gushe.

"Ba fulogi ba ne, Tabawa. Ke so kike komai ya tsaya yadda Baba ya bar shi. Mota, gareji... har ni. Don ke na yi wannan, wallahi don ke."

Maganar ta soke ta, don akwai gaskiya a ciki. Hawaye ya cika mata ido.

"Jeka. Amma in ka ji kamar ana zuba tsakuwa a cikin kwano, ka tsaya. Ko ba don ni ba, don darajar wanda ya koya maka tuƙi."

Ya mayar da fulogin da kansa. Ya tafi da rurinsa, bai waiwayo ba.

Gari na wayewa ta nufi shagon Baba Ejiofor, mai sayar da kayan gyaran mota a bakin titi. Shekara talatin suna abota da Malam Datti. Ranar jana'iza yana tsaye a bayan sahu, hularsa a hannu, yana kuka kamar yaro.

Ta kwashe komai ta gaya masa. Ya ajiye kofinsa.

"Duka biyu ya canja? Hanci da baya?"

"Duka biyu, Baba Eji."

"Chineke! Da ɗan bakin salansa kawai ya canja, ba wahala. Sabon mota ma, mai ƙwaƙwalwa, zai iya gyara kansa kaɗan. Amma wannan tsoho ne, kafireto ne, abin da ka ba shi shi zai ci."

"To me ya sa ta je Bukuru lafiya?"

"Bukuru! Bukuru ai Jos ne, my daughter. Mu nan a sama muke, iskan mu ba nauyi. Ko mota ya buɗe hanci, iskan da zai sha ba yawa, yunwa ba zai nuna sosai ba. Amma ka sauka Hawan Kibo, iskan ƙasa yana da nauyi. Iska ya yi yawa, mai ya yi kaɗan, ga kaya, ga zafi... inji zai dafa kansa. Duk direban Farin Gada mai zuwa Lafiya ya san wannan hanya. Kallamu ma ya sani."

Tabawa ta ciro wayarta. Ta kira Uzairu. Wayar ba ta shiga. Ta sake kira. Wani mai shayi ya ce tun bayan asuba ya ga 'Yar Baba ta wuce da buhunan dankali, tsarabar Baffa.

Ta koma gida a guje ta zube gaban mahaifiyarta.

"Inna, in injin nan ya ƙone, na rasa motar Baba, na rasa Uzairu, duk a rana ɗaya..."

Inna ta dube ta, ta dubi akwatin ƙarfen da ke rungume a ƙirjinta.

"Miƙo min hijabina," ta ce.

A motar Baba Ejiofor suka tafi, Inna da Tabawa a baya. Bayan Riyom gajimare ya sauko ya kwanta a kan duwatsu, fari, mai laushi, har hanya ta zama kamar a cikin auduga aka shimfiɗa ta. Tabawa ta jingina kai da gilashi. Ta ga kanta tana 'yar shekara tara, Baba ya ɗora ta a kan taya, ya sa mata bakin sukudireba a kunne, ɗaya bakin a jikin inji.

"Saurara, Tabawa. Kada ki duba, saurara. Me take ce miki?"

"Tana cewa ta ƙoshi, Baba."

Dariyarsa... har yanzu tana jin ta.

Ta ga Uzairu ranar da ya fara zuwa neman aiki, siriri, rigarsa ta yi masa yawa. Ta ga ranar da ya ɓoye mata 'ya'yan sitiroberi a cikin hularsa, suka murƙushe, ja ya ɓata masa goshi, yana rantsuwa ba ciwo ba ne.

Kunnuwanta suka toshe. Sun fara gangara Hawan Kibo. Gajimaren ya koma samansu, sanyi ya saki, wata iska mai ɗumi da nauyi ta shigo ta taga.

"Kin ji shi?" in ji Baba Ejiofor. "Wannan iskan ne."

Sun yi nisa da gindin hawan, rana ta take, sai Inna ta dafa hannunta.

"Ga ta can."

Shuɗiya, a gefen hanya, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, murfin inji a ɗage.

Tabawa ba ta san lokacin da ta fita ba. Idonta na neman hayaƙi, na neman baƙin mai a ƙasa. Babu. Uzairu na zaune a kan dutse, ya shimfiɗa hularsa, ya jera fulogi huɗu a kai, dukansu farare.

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja.

"Na ji tsakuwar, Ogata."

Ta matso kusa da shi.

"Tun ƙarfe tara. Allurar zafi ta fara hawa. Na ce a raina saura kaɗan, in na matsa mata zan iya kaiwa kafin Juma'a... Ƙafata na kan totur, sai na ji muryarki. Na kasa." Ya dube ta. "Na rasa ki ke nan, ko? Baffa ba ya magana biyu."

Ta tsugunna ta ɗauki fulogi ɗaya. Hawayenta ya ɗiga a kansa.

"Wawa kawai," ta ce a hankali. "Wawana..."

"Ku yi kuka anjima!" Baba Ejiofor ya daka musu tsawa. "Tsohon salansa da tsohon matatar iska suna Jos. Ba za mu iya rufe masa hanci ba, sai mu ƙara masa abinci. Tabawa, buɗe akwati."

A can ƙasan akwatin akwai gwangwanin alewa, cike da ƙananan ƙofofin mai na tagulla da Baba ya tara. Baba Ejiofor ya kwance kafireto, ya zaɓi ɗaya mai ɗan faɗi ya ɗaura. Da aka zo saiti sai ya miƙa mata sukudireba.

"Kunnena ya tsufa. Naki na Datti ne."

Uzairu ya tayar da mota. Tabawa ta rufe ido. Ta juya kaɗan. Ta saurara. Ta ƙara kaɗan, ta dawo da shi baya kamar faɗin farce. Rurin ya fara kwanciya, ya yi zurfi, ya daidaita, har ya zama kamar ganga daga nesa.

Ba muryar Baba ba ce. Waccan ta tafi, ta san ba za ta dawo ba. Amma wannan ma murya ce, kuma ta ƙoshi.

Daga wani ƙauye can ciki suka jiyo kiran sallar Juma'a. Lokacin da Baffa ya sa ya wuce ke nan.

Bayan la'asar suka isa Lafiya. Baffa Ishaku na zaune a kan kujerarsa a ƙofar gida, bai ko amsa gaisuwar Uzairu da kyau ba. Tabawa ta laɓe a zaure.

"Kallamu ya bugo min tun jiya," in ji Baffa. "Ya ce ka mai da motar ɗan'uwana abin wasa. Ya ce in ta iso nan da ƙafarta, in canja masa suna."

"Gaskiya ya faɗa, Baffa, na yi wauta. Na ɗaura abin da ban san kansa ba, an gaya min, na ƙi ji."

"Kuma ka saɓa lokaci."

"Na saɓa."

"Nawa ya rage maka da ka tsaya?"

"Tafiyar awa biyu."

"Me ya hana ka matsa mata? Da wataƙila ka iso."

"Da wataƙila na iso, Baffa. Amma da gawarta zan kawo maka."

Baffa ya miƙe, ya dafa ƙeyar motar.

"Tayar da ita."

Ya sunkuyar da kai yana saurare, irin sauraron tsofaffin direbobi. Ya sa aka kwance masa fulogi ɗaya. Bakinsa ya fara komawa launin shayi da madara.

"Wa ya yi saitin nan?"

"Tabawa ce."

Baffa ya juya baya, ya goge ido da bakin rawaninsa.

"Hannun Datti ne," ya ce. "Shekara ashirin da shida ina kan hanya. Na ga masu gudu da yawa, mun kai wasunsu makwanci. Wanda ya san inda ake tsayawa ne ban cika gani ba." Ya dubi Uzairu. "Ka turo magabatanka. Amma ka sani, a gidanku ita ce bakanike."

A zaure, Tabawa ta toshe baki da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata.

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. A 'Yar Baba aka kai kayan ɗakinta, Baba Ejiofor na gaba yana ta danna ham.

Shekara bakwai suka yi tare. Ba hanya ce ta ɗauke Uzairu ba, zazzaɓin kwana uku ne.

Motar tana nan a Dilimi, ƙarƙashin rumfa. Kowace Juma'a da safe Tabawa takan ɗauki makulli ta shiga ta zauna, ta tayar da ita, ta bar ta tana gunaguninta mai zurfi. Ba ta zuwa ko'ina. Takan lumshe ido kawai ta saurara, farin fulogin nan guda ɗaya a tafin hannunta, har sai ta ji an ce mata ƙasa-ƙasa:

"Ta ƙoshi, Ogata."