Kaluluwar Da Aka Ɗora Wa Indo

A shekarar da aka fara karatun firamare kyauta, an yi wata yarinya 'yar aji uku a Wudil. Tana da kirki, sai dai akwai ta da son kwalliya. Ƙawarta ita ce Indo, benci ɗaya suke zama. Indo tana da maƙoƙo, wato kumburi a gaban wuya. Ba wanda ya taɓa damuwa da shi.

Wata Juma'a kawun yarinyar ya kawo mata 'yan kunne daga kasuwa. Ta so ta sa biyu-biyu irin na 'yan birni.

"Inna, a ƙara mini huji," in ji ta.

"Wanda kike da shi ya ishe ki," in ji Inna.

Ina ta ji? Ta laɓe bayan ɗaki da tsohuwar allura, ta huda kunnenta na dama. Ta ja ɗankwali ta rufe.

Bayan kwana huɗu kunnen ya ɗuri ruwa. Wani ƙullutu mai zafi ya fito a gefen wuyanta. Wata 'yar ajinsu ta gani.

"Me ya fito miki a wuya?"

Tsoro ya kama ta, kada a gano hujin. Ta ce, "A kofin Indo na sha ruwa."

Shi ke nan. Kafin a tashi, kowa ya guji Indo, wai kada ya ɗauki maƙoƙonta. Indo ta dai kalli ƙawarta. Daga ranar ba ta sake zuwa makaranta ba.

Da zazzaɓi ya rufe yarinyar, Baba ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti. Malam Halliru, malamin asibitin, ya taɓa ƙullutun a hankali.

"Wannan kaluluwa ce," in ji shi. "Tana fitowa in akwai ciwo a kusa, a kunne ko haƙori ko maƙogwaro. Cire ɗankwalinki, 'yata."

Ta cire. Baba ya ga kunnen da sabon hujin.

"Malam, ba maƙoƙo ba ne?" ta tambaya.

"A'a. Maƙoƙo a gaban wuya yake. Ba ya zafi, kuma yana motsi in an haɗiye yawu. Yawanci ƙarancin wani sinadari a abinci ke kawo shi. Ba a ɗaukarsa daga wani."

Sai ta fashe da kuka. Ta gaya wa Baba komai.

"Kunnenki zai warke da magani," in ji Baba. "Indo fa?"

Da la'asar Inna ta raka ta gidan su Indo.

"Ta ce ta bar makaranta," in ji mahaifiyar Indo. "Ko ƙofar gida ba ta fita."

Kunya ta rufe yarinyar. Ta durƙusa gaban ƙawarta.

"Indo, ki yafe mini. Ƙarya na yi miki."

"A gaban kowa kika faɗa," in ji Indo.

"A gaban kowa zan gyara."

Ranar Litinin Indo ta dawo makaranta. Yarinyar ta tsaya gaban aji, ta nuna kunnenta, ta faɗi gaskiya. Wasu suka yi dariya, ta daure ta gama.

Malaminsu ya ce, "Yara, in kun ga kumburi a wuya, ku nuna wa manya a kai ku asibiti. Kuma kada ku ɗora wa wani laifinku."

Indo ta matsa gefe a benci.

"Zo ki zauna," in ji ta. "An kusa fara lissafi."