Yarinyar da Ta Shafa Maganinta

A wani ƙauye na Kerala, a ƙasar Indiya, akwai wata yarinya mai son rawa kamar me. Saura wata guda bikin girbi na Onam, Malama Sarasamma ta zaɓe ta cikin masu rawar makaranta. Babanta kuma zai zo daga Dubai, inda yake aikin gini. Bai taɓa ganin rawarta ba.

Sai dai jikinta ya fara canzawa. Fatarta ta bushe, leɓenta ya yi fari fat. Ba ta son komai sai tsamiya da ruwan ƙanƙara.

Mama ta kai ta wurin Kunjiraman, tsoho mai maganin gargajiya. Ya riƙe hannunta, ya saurari bugun jijiya.

"Jininki ya ragu, jikata," in ji shi. "A ba ta wannan magani da rumman. In leɓen bai yi ja ba nan da mako biyu, babu rawa."

Maganin kuwa ɗanɗanonsa kamar na tsohuwar ƙusa. Sai yarinya ta yi dabara, irin dabarar da ba ta da amfani. Kullum ta tuttular da shi a gindin ayaba. Rumman ɗin kuma ta matse, ta shafa a leɓe, ta ba akuya sauran.

"Madalla! Dubi bakin nan ja wur," in ji Mama. "Ba sai mun koma ba."

Ranar biki 'yan mata suka kewaye fitila sanye da fararen kaya. Baba yana layin gaba, sai murmushi yake. Zagaye na biyu, jiri ya ɗebe ta. Ta faɗi tim.

Baba ya sungume ta sai gidan Kunjiraman. Tsohon ya goge leɓenta da jiƙaƙƙen tsumma. Ya ja fatar idonta ƙasa, ciki fari ne.

"Ke, 'yar nema! Magani na ba ki ko jan baki?" ya ce. "Da kin sha shi, watakila da kin gama rawarki yau."

Ta fashe da kuka. "Baba, ka yafe mini. Rawata na so ka gani."

"Lafiyarki na zo gani, 'yata," in ji Baba a hankali.

Aka kai ta asibiti aka auna jininta. Bayan kwana huɗu Baba ya koma aiki. Duk lokacin da ta tuna, sai zuciyarta ta yi nauyi.

Wata uku tana shan magani, ko ɗigo ba ta zubar. Da ta warke, ta yi rawa a tsakar gida, Mama na riƙe da waya tana nuna wa Baba ta bidiyo. Can Dubai, Baba ya tara abokan aikinsa.

"Ku matso ku gani, 'yata ce!" yake cewa, yana share ido.

Daga ranar ta gane cewa ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. In ba ka da lafiya, faɗa wa iyayenka gaskiya, ka sha maganinka.